Gabarin riƙe ƙananan kaya a injin huda: na saya wajen wani manuziye a nan Maradi, ga abin da na gani

Salamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar katako. Wanga rubutu na masu injin huda na tsaye ne, irin wanda ake ɗaurewa bisa tebur, musamman masu aikin ƙananan kaya irina, 'ya'yan carbi, hannun durowa, maƙalin makulli, da 'yan maɓallan iccen nan da dukawa ke sa ma jakunkunan fatar jar akuya. Akwai wani dattijo manuziye a nan Maradi ta bayan babbar kasuwa da ke ƙera gabari na katako don riƙe irin waɗannan kaya lokacin huda, guda huɗu yake saidawa tare, na saye su duka na yi aiki da su damina da hunturu da bazara, to yanzu ina ganin na isa in ce wani abu a kansu. Biyu daga ciki sun ci kuɗinsu har da riba, guda ba yabo ba fallasa, na huɗun kuwa wanda ya fi su kyau a ido kuma ya fi su tsada shi ne ya fi ɓata mini rai.

Wanda bai taɓa huda ƙaramin abu ba zai ce mi ye abin sayen gabari, ai hannu ya isa. Hannu ya isa in falanki ne mai tsawo da nauyi. Amma guntun icce da bai kai ɗan yatsa ba wani labari ne, don meshi, wato ƙarfen da ke huda ramin, ba a shiga yake cuta ba, a fita yake cuta. Lokacin da bakinshi ya kusa ɓullewa ta ƙasa, ɗan iccen da ya rage ya yi siriri, sai meshin ya daina yanka ya cafke, ya ja abin sama ya bi shi da juyi kamar fanka, kai kuwa yatsunka na nan kusa. In ka yi sa'a abin ya tsere ya bugi bango, in ba ka yi ba ka ga jini. Kuma ko yatsa ya tsira ramin bai tsira ba, ya karkace ko bayan ya tsage, abu guda cikin biyar sai ka jefa cikin kwandon guntaye. Ni abin da ya kai ni wajen Baba, wato dattijon nan, ke nan, asarar kaya ta fi tsoron rauni damuna in faɗi gaskiya, don dukawa in sun ba ka odar maɓalli ɗari suna son ɗarin su zamo iri guda, ba wanga rami a tsakiya wancan a gefe ba.

Farashi dai ga yadda munka yi. Falankin ƙasa mai jigo jikka 5, mai kwari jikka 1 da rabi, matsi na hannu jikka 3, na carbi jikka 6, da na kwashe duka ya bar mini a jikka 14 har da bulon da noti. Na yi ciniki na ce Baba a rage ma yaro, ya ce ɗana je kankayari, shagon kayan ƙarfe, ka tambayi kuɗin bulon mai kaurin milimeta takwas guda huɗu da noti mai kunne ka dawo mu yi magana. Na san farashinsu, sai na yi shiru na biya.

Falankin ƙasa shi ne uban tahiyar, kuma in jikka biyar kaɗai gare ka to shi za ka saya. Kontirfilake ne, wato falankin da anka manna siraran ɓawon katako bisa juna, mai kaurin milimeta 18, wajen santimeta 30 da 40, ana ɗaure shi da farantin injin ta cikin tsagar nan da ke jikin farantin, bulon M8 guda biyu, kile, wato sifana, mai lamba 13 ke ɗaure su, kuma ya nutsar da kawunan bulon ɗin ciki yadda ba abin da ke tokarar kayanka a sama. A tsakiya ya yanke wani murabba'i ya sa guntun katako da ake cirewa, shi ne meshi ke faɗa ma in ya ɓulle, ka ga bayan kayanka ba ya tsagewa tunda akwai icce a ƙarƙashi yana tallabe da shi. Abin da ya burge ni a nan, bai sa murabba'in daidai ƙarƙashin meshi ba, ya gusar da shi gefe kaɗan. Na ɗauka kuskuren awo ne har na yi mishi magana, sai ya ciro shi ya juya ya mayar, ga sabon wuri lafiyayye ƙarƙashin meshi. Kusurwa huɗu, ka kifa shi ka ƙara samun huɗu, guntun katako guda ya yi maka aiki sau takwas kafin ka canza. Wannan dabara ce ta wanda ya san tsadar katako.

Sai jigon, wato sandar da kake jingina kaya da ita ta baya. Jan katako ne busasshe, an fere shi ya miƙe sosai. Gefe guda bulon ɗaya ke riƙe da shi yana juyawa a kai, ɗaya gefen kuma noti mai kunne cikin tsaga mai lanƙwasa. Da farko abin bai kwanta mini ba don na saba ganin jigo na tahiya gaba da baya a miƙe, na ce Baba ai wannan zai karkace da tebur. Ya ce to in ya karkace fa, meshi zagaye yake, ba ya da gaba ba ya da baya, abin da ya dame ka nisan jigo da tsinin meshi ne kawai. Kuma haka ne. Noti guda za ka kwance ka gusa ka ɗaure, an gama, kuma da yake nesa da bulon ɗin kake turawa, in ka tura milimeta biyu a can ƙarshe, a wajen meshi kusan guda ne ya motsa, saitin ya fi sauƙi ke nan. A gindin jigon ta ciki ya ɗan sheme kusurwar yadda garin katako ke samun wurin shigewa, don in gari ya taru tsakanin kaya da jigo ba za ka lura ba sai ka huda ashirin ka ga ramukan sun fara gudu. Ga kuma ɗan katakon tsayarwa da ke zamewa bisa jigon, a jikinshi akwai bis guda da kan ta ne ke taɓa kayanka, kana son ƙari ko ragi kaɗan sai ka murɗa ta da turnabis. Da wannan falankin na yi maɓallan dukawa da hannun durowa, saiti guda, sai dai ka sa ka ja hannun inji ka cire ka sa wani, hankalinka ma na wajen rediyo aikin na tahiya, kuma in ka jera su bisa waya duk ramukan a layi suke.

Aibinshi guda ne kuma ba ƙarami ba ga mai ƙaramin inji: kaurin falankin na cin tsawo. Irin namu na tebur tahiyar hannunsu wajen santimeta 5 ce, tazarar faranti da bakin inji mai riƙe meshi ma ba ta da yawa, in ka ɗora falanki ka ɗora mai kwari bisa ka sa meshi mai tsawo, sai ka ga dole ka sauke faranti, in ka sauke shi kuwa yana ɗan juyawa gefe a jikin ginshiƙin, saitinka ya tashi sai ka sake. Wannan ba laifin Baba ba ne amma gara mutum shi sani.

Mai kwari shi ne na biyun da nike yabo, kuma shi ya fi araha. Guntun jan katako ne anka yanke mishi kwari a tsakiya, yanka biyu na digiri 45 sunka haɗu a ƙasa, duk wani abu mai zagaye in ka kwantar ciki da kanshi yake neman tsakiya. Saitinshi ba wuya, inji a kashe, ka sauko da meshi har tsininshi ya zauna a gindin kwarin, ka ɗaure shi nan da jigo da sarjuwan, wato matsin ƙarfe na manuziye, shi ke nan duk sandar da ka sa, siririya ko mai kauri, ta tsakiyarta ramin zai bi. Ya manna sanfefa a bangon kwarin don kada abu shi mirgina, kuma ya tsaga gindin da zarto don gari. Ƙarshenshi guda ya yanke shi daidai da ekar, wato ma'aunin kusurwa digiri 90, yadda za ka iya tsayar da shi a tsaye ka huda sanda ta kai, irin ƙotar wuƙa ko ta basilla. Nan ne sai farantin injinka ya kasance daidai da meshi, in ba haka ba ramin zai shiga tsakiya ya fito gefe ka zagi Baba a banza. Yadda ake dubawa shi ya nuna mini, ka samu waya mai ƙarfi ka lanƙwasa ta, kai guda cikin bakin inji, ɗayan ya sauko ya kusa taɓa faranti can gefe, ka juya bakin da hannu a hankali, in wayar ta taɓa dama ta bar hagu to farantinka ya kwanta, ka kwance bulon ɗin ƙarƙashi ka gyara. Nawa da na duba ya kwanta kaɗan tun daga kanti, kuma ina jin yawancin injunan Sin da ke shigo mana haka suke zuwa, ba mai saita su.

Sanfefar kwarin tana cinyewa, kuma tana ɗan karce abin da an riga an goge an shafa mishi barnis. Na cire ta gefe na manna robar tib ta moto, ta fi mini.

Matsi na hannu ba ni da dogon zance a kanshi. Katako biyu ne da dogon bulon biyu da noti masu kunne, an sa roba a baki an yi 'yan tsage-tsage na riƙe abu mai kusurwa ko mai zagaye. Yana riƙo, kuma da yake shimfiɗaɗɗe ne yana kwanciya bisa falankin, hannunka na can nesa da meshi, ga abin da ba ya da siffa kamar guntun ƙaho ko kan sanda mai lanƙwasa shi ne magani. Ya fi eton, wato matsin ƙarfe na tebur da ake saidawa a kankayari, ta wajen ba ya cizon icce, kuma in meshi ya goge shi ba ya dakushewa. Amma jinkiri gare shi wallahi, kowane abu guda sai ka kwance noti biyu ka ɗaure noti biyu, in aikin guda ukku ne ba komai, in hamsin ne yatsunka za su gaya maka. Randel ɗin da ya sa, wato 'yan zobban ƙarfe na ƙarƙashin noti, ƙanana ne, sun fara nutsewa cikin katakon, na canza su da manya.

To sai na carbi. Ranar da na gan shi a atiliyen shi ne ya ja ni, don kyau kam yana da kyau, an goge shi an shafa mai har da ɗan zane a gefe. Falanki biyu ne na farin katako da sharniyar irin ta ƙofar kabad a baya, na ƙasa yana da gurabe goma a jere kamar rabin ƙwallo, na sama ma haka da ɗan rami a tsakiyar kowane gurbi inda meshi zai bi, ka zuba 'ya'yan carbi goma ka rufe ka ɗaure noti guda a gaba, ka dinga zamewa jikin jigo kana huda ɗaya bayan ɗaya. A tunani carbi mai 99 zubi goma ne ka gama, mai 33 kuwa kafin shayi ya nuna. Gab da azumi da lokacin dawowar alhazai da odar carbi ke yawa na ce ai na huta.

Abin da ya faru daban. 'Ya'yan carbin da ake ferewa da hannu ko da ɗan injin juyi na gida ba sa zuwa girma guda, wanga milimeta 10 wancan tara da rabi wancan goma da ɗan ɗoriya, ido ba ya gani amma katako na gani. In ka rufe murfin, manyan biyu ko ukku su ne ke ɗauke matsin duka, sauran suna sako-sako a gurbinsu, meshi na taɓa su sai su bi shi da juyi, ka ji ƙamshin ƙuna, ka buɗe ka tarar da baƙin zobe a jikin ɗan carbin ramin ko rabi bai kai ba. In ka ƙara ɗaure notin don ƙananan su kamu sai manyan su sami tabo, na iccen da ba shi da tauri ma har fashewa yake. Na biyu, ɗan carbi ana huda shi ne bin tsawon jijiyar icce don kada shi tsage kuma zanen iccen shi fito daidai in an jera, to wajen rufe murfin suna mirginawa, kai kuwa ba ka ganin ciki, sai ka buɗe ka ga rabi an huda su a gicciye. Na ukku sharniyar tana da wasa, murfin na gusawa hagu da dama ɗan kaɗan, ga meshi na milimeta 2 wannan ɗan kaɗan ɗin ya isa shi lanƙwasa shi, kuma duk mai aiki da siririn meshi ya san ba ya lanƙwasa sau biyu, karyewa yake, wani lokaci ya bar guntunshi cikin ɗan carbin.

Duk wannan da damina ne, lokacin ma murfin na miƙe. Da hunturu ya shigo iskar nan ta busar da komai sai murfin ya ɗan lanƙwashe ya yi ƙwarya-ƙwarya, tsakiya na taɓawa gefe ya ɗaga, in ka ɗaga shi wajen haske kana hango tazara. Katako dama haka yake, yana shan danshi ya kumbura ya bushe ya tsuke, kuma ta faɗi yake motsi ba ta tsawo ba, mu nan kuwa tsakanin watan Agusta da watan Janairu bambancin danshin iska ba kaɗan ba ne, shi ya sa ƙofar da ke cijewa da damina take kaɗawa da rani. Farin katakon da ake kawo mana daga kudu sau da yawa bai gama bushewa ba ake saida shi, a dajin da ya fito akwai danshi, yana isowa nan ya ci gaba da tsukewa. Falankin ƙasa bai yi haka ba don kontirfilake ne, an jera ɓawonshi gicciye da juna kowane na riƙe ɗan uwanshi, jan katakon jigo da na mai kwari kuma tsofaffin guntaye ne da sun daɗe da gama motsinsu. Wato mutumin ya san wannan sarai, don ya yi daidai a guda ukku, a na huɗun ne ya zaɓi kyau.

Na mayar mishi. A nan zan yaba mishi kuma zan yi ƙorafi. Bai yi gardama ba, ya karɓa ya ɗora ekar ya gani da idonshi, ya ce wannan laifin katako na ne, bar shi. Ya canza murfin da kontirfilake ya sa sharniyar biyu maimakon guda, bai karɓi ko dala ba. Amma da na ce Baba matsalar girman 'ya'yan fa, ko a mayar mini da kuɗin in ɗauki wani falankin, sai ya ce ɗana ni gabari na saida maka ban saida maka 'ya'yan carbi ba, ka je ka daidaita kayanka. Ya ƙara da cewa masu carbi na asali ai huda suke farawa tun iccen yana guntu mai kusurwa, daga baya su fere shi bisa ramin. Maganar gaskiya ce, in kai ke ferewa haka ya kamata, guntu mai kusurwa kuwa falanki da jigo sun ishe shi. To amma in haka ne wa anka yi ma gabarin mai gurbi goma? Wanda zai saye shi ai mai ferarrun 'ya'ya ne, kuma ferarrun hannu ba sa daidaita. Wannan ya kamata shi faɗa tun ranar ciniki, ba bayan jikka shida ta shiga aljihu ba. Yanzu gurbi guda nike amfani da shi, na manna roba ciki, ɗan carbi ɗaya a lokaci, in huda rabi in juya in huda rabi ta ɗaya gefen, yana yi, amma wannan aikin guntun katako mai rami guda da ɗan sanda na dannawa zai yi shi ba tare da sharniyar da zane ba. Ga mai dutsen ado na kanti ko ƙwallayen icce na inji da ke zuwa girma guda, ƙila labarin ya bambanta, shi sai ya gwada a gabanshi kafin ya biya.

Wani abin da gabari ba ya gyara maka shi ne gudun inji, kuma na ga shaguna da yawa bel ɗin na wuri guda tun ranar da anka sayo injin. Buɗe murfin sama, akwai puli mai hawa biyar, yawanci da takarda a manne da ke nuna gudun kowane hawa, daga wajen 600 zuwa 2600 a minti. Siririn meshi na son gudu da hannu mai sauƙi, ka shiga kaɗan ka fito gari ya zube ka koma, musamman a icce mai tauri irin kirya ko kanya da ke cika ramin meshi da gari nan da nan. Babban meshi mai faɗin baki, irin na milimeta 35 da ake huda gurbin sharniyar kabad da shi, hawan ƙasa yake so, kuma shi kada ka yarda ka riƙe ƙaramin abu da hannu ko cikin gabari ne, sai an ɗaure gabarin da faranti. Meshin katako mai tsini a tsakiya da kunne biyu ya fi na ƙarfe tsabtar rami kuma ba ya yawo, sai dai sirara ba kullum ake samunsu a kankayarin garin nan ba, wani lokaci sai ka ba mai zuwa Katsina ko Kano saƙo, ko kasuwar Katako ta Yamai. In kuran ya yi ƙasa ko kana bisa ƙaramin gurup, motar injin na yin sanyi ta tsaya cikin rami, kada ka ja kayan, kashe ka juya bakin baya da hannu. Kuma don Allah masu yara a shago, hannun riga a naɗe, ba safar hannu, kilen baki a cire kafin a kunna. Gabari na nisanta yatsa da meshi amma ba ya hana hannun babbar riga naɗewa.

Shi Baban ba makarantar fasaha ta nan Maradi, Lise Teknik Ɗan Kasawa, ya yi ba, a shagon wani ya tashi tun yana yaro, kuma ya ce mini waɗannan gabarin ya fara yin su don saidawa ne lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta 2023 iyaka kuma ta rufe, katako ya yi tsada manyan oda sunka tsaya, sai ya koma ma tarin guntayen da ke bayan shago da zarton hannu. Shi ya sa ba guda biyu da ke kama da juna sak, kowane da irin guntun da ya samu. Wannan na da kyau ta wajen busasshen icce, amma yana nufin wanda ka gani wajen abokinka ba lalle shi za ka samu ba, sai ka duba naka da kanka.

Ta wajen hulɗa mutum ne mai sauƙi amma ba ya da agogo. In ya ce gobe ka ƙara mishi kwanaki, waya kuma tana cikin aljihun rigar da ya rataye, sai dai ka hau kabu-kabu ka je. Falankin ƙasa ba ya yin shi sai ya san tazarar tsagar farantinka don kowane inji da nashi awo, ni yaronshi ya aiko ya zo ya shimfiɗa kwali bisa farantin ya zana, kuma da anka kawo bulon sunka faɗa wurinsu ba gyara. Kuɗin moton yaron kai za ka biya, ba ya cikin farashi, ba a gaya mini ba sai da yaron ya tsaya yana sosa ƙeya a bakin ƙofa.

Mai hannu a sana'a zai ce ai duk wannan zan iya yi da kaina da guntayen shagona, kuma gaskiya ne, ba wani abin ɓoye ciki, wuni guda ya isa in kana da zarto mai yanka daidai da ekar na kirki. Ni ba ni da injin yanka, kuma kwarin nan in digiri 45 ɗin bai fito daidai a gefe biyu ba kwarin ya karkata, sandar ta zauna gefe, gara in biya jikka da rabi. Wanda ke gyaran waya ko rediyo yana huda 'yan robobi da alminiyom, da maƙeran farfaru masu huda tagulla, falanki da matsi za su yi musu, sai dai tagulla ta fi icce cafkar meshi nesa ba kusa ba, a ɗaure sosai.

In za ka je, tahi da samfurin abin da kake hudawa guda biyar ko shida, manya da ƙanana, ka sa a gwada a injinshi kana tsaye. Ka ce duk abin da ke da faɗi a yi maka shi da kontirfilake, randel manya, kuma ka nemi ƙarin guntayen tsakiyar falankin guda biyu ko ukku tun a lokacin don in ka dawo daga baya ƙila kaurin da zai samu ya bambanta. Kada ka je Litinin ko Juma'a, ranar kasuwa ce hanyar a cike take da amalanke kuma shi kanshi yana wajen 'yan katako, ranar Talata ko Laraba bayan la'asar ka fi samunshi zaune.